Moto ya ƙone sau biyu cikin wata huɗu: laifin layi ne ko na cikin gida?

Mai Casar Shinkafa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da masu aikin wuta na wannan zaure, shawara nake nema. Injin casa ne mai moto 30kW, fes uku, ana tayar da shi da sita-delta (a fara haɗa kwayil a sita don rage jan wuta, sannan a koma delta), takardar jikinsa ta ce amfiya 55. Wuta tana zuwa daga taransifoma 300kVA da unguwa ma take sha, ta kebul ɗin alminiyam 25mm² mai tsawon kamar mita 120. Akwai ƙaramin VFD (na'urar sarrafa gudun moto) a kan fanka, da akwatin kafasita 60kVAr. Cikin wata huɗu an naɗa kwayil sau biyu, kafasita biyu sun kumbura, VFD yana yawan yanke kansa da yamma, ƙwayayen wuta kuma suna lumshewa duk lokacin da aka tayar da injin.

An gwada da mita da ƙarfe 5 na yamma injin yana aiki. Boltej tsakanin fes da fes: bolt 411, 398, 382. Karan, wato wutar da moto ke ja: amfiya 44, 57, 70. Da safe lambobin sun fi haka kusa da juna. Me ya kamata a auna, a ina, da wace na'ura? Ina so in san inda matsalar take kafin in sake zuba kuɗi.

Injiniya Mai Kilam-mita:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Lambobin da ka kawo sun riga sun faɗi rabin labarin. Haɗa 411 da 398 da 382, ka samu 1191, raba uku, matsakaici 397. Wanda ya fi nisa da matsakaicin shi ne 382, tazarar 15. Raba 15 da 397, ka ninka da ɗari, rashin daidaiton fes ya kai kashi 3.8 cikin ɗari. A ido ƙarami ne, a cikin moto kuwa babba ne. Ƙa'idar motoci ta NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan wuta ta Amurka, ta ce da zarar an wuce kashi 1 a fara rage wa moto lodi, a kashi 3 ya ɗauki kamar kashi 88 na ƙarfinsa, a kashi 5 kashi 75 kawai, bayan nan kada ma a kunna shi. Ana ƙiyasta ƙarin zafin kwayil da ninka lambar da kanta sannan a ninka biyu: 3.8 sau 3.8 sau 2, wato kusan kashi 29 ƙari a kan zafin da ya saba. Kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanan banish ɗin kwayil da rabi. Wata biyu-biyu da kake samu ba abin mamaki ba ne.

Karan ma ya yi daidai da haka. Matsakaicinsa 57, tazarar 13, kusan kashi 23. An san rashin daidaiton karan yana ninka na boltej sau 6 zuwa 10, naka ya faɗo a kan sau 6.

Abin da lambobin ba su faɗa ba shi ne daga ina. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Kashe wuta, ka kulle, ka tabbatar da mita cewa ta mutu. Sa wa wayoyin layi uku da ke shiga sitata alama: ja, rawaya, shuɗi. Matsar da su duka ukun gaba da matsayi ɗaya, na farko ya koma wurin na biyu, na biyu wurin na uku, na uku wurin na farko. Idan duka ukun aka matsar, moto ba zai juya baya ba. Musanya biyu kawai ne ke juya shi. Kunna, auna karan, rubuta. Sake matsarwa, sake aunawa. Idan 70 ɗin nan ya manne wa wayar layi guda duk inda aka kai ta, matsalar daga wuta take. Idan ya tsaya a ƙafar moto guda ko wace waya aka ba ta, to a duba sitata da kwayil.

Sai gwaji na biyu, in akwai janareta da zai iya ɗaukar injin: juya canji-oba (makunnin sauya wuta tsakanin layi da janareta), ka maimaita awon a wuri guda da lodi guda. Idan fes uku suka daidaita a kan janareta, to fanel ɗinka da motonka daga bayan canji-oba ba su da laifi. Cire kafasita kafin wannan gwajin, domin kafasita da yawa a kan janareta mai ƙaramin lodi yana rikita AVR, mai daidaita boltej ɗin janareta, sai boltej ya riƙa hawa da sauka.

Kebul ɗin ma da sauran magana. Alminiyam 25mm² yana da om 1.2 a kowace kilomita. Lissafin sama-sama: 1.73 sau 55 sau 1.2 sau 0.12, kusan bolt 14 ke zubewa a hanya, sama da kashi 3. Da 50mm² ne, mai om 0.64, da kamar bolt 7 ne. Wannan ba ya kawo rashin daidaito da kansa, tunda fes uku duk suna asara iri ɗaya, amma yana ƙara wa mai rauni rauni.

Mai Naɗin Kwayil:

Alhaji, kafin a je ga na'ura, ka tambayi wanda ya yi naɗin yadda ya tarar da tsohon kwayil, domin ƙonewa tana barin shaida. In duka fes uku sun yi baƙi iri ɗaya, lodi ne ya yi yawa ko boltej ya daɗe a ƙasa ko fankar baya ta toshe da ƙaiƙayi. A injin casa kada a raina ƙaiƙayi da dusa, suna cike ramukan iska tsaf. In moto yana gudu a delta kuma fes ɗaya ne ya ƙone ƙurmus sauran biyu suna nan da kyau, fes ne ya ɗauke injin yana tafiya. A haɗin sita akasin haka ake gani, biyu su ƙone ɗaya ya tsira. In ɗaya ya fi duhu sosai sauran sun ɗan dafu, wannan rashin daidaiton da Injiniya ya lissafa ne. In kuwa tabo ne a wuri guda da ɗan narkakken tagulla, waya ce ta taɓa 'yar'uwarta, ko daga naɗin ko daga tsalle na boltej.

Abin da ya fi damuna: me ya sa rilen obalod, mai yanke moto in karan ya yi yawa, bai yanke ba? Moto mai cin 70 a fes guda bai kamata ya kai ga ƙonewa ba in rilen yana kan daidai. A sita-delta yawanci ana ɗaura rilen ne a ƙarƙashin babban kontakta (makunnin maganaɗisu da ke ba moto wuta), cikin da'irar delta, inda karan yake kashi 58 na wanda ke layi. Don haka saitinsa 55 sau 0.58 ne, wato amfiya 32. Da yawa suna karanta 55 a jikin moto su saita 55, shi ke nan rile ya zama ado. Wasu kuma in ya dame su da yankewa sai su murɗa shi sama ko su haɗe shi da waya. Buɗe fanel ka gani da idonka.

Bayan kowane naɗi a gwada abu biyu kafin a ɗaura: mega (mitar gwada ko wuta tana yoyo) a bolt 500 tsakanin kwayil da jikin moto, sabon naɗi ya kamata ya ba da megom masu yawa, ƙasa da 1 kuwa ba a kunnawa, sannan om na kwayil uku su zo kusan ɗaya. Mai naɗi da ya rage zagaye ko ya sa waya siririya zai ba ka moto mai zafi ko da wutar lafiya lau take.

Tsohon Ma'aikacin Layi:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai awo a wuri ɗaya ba ya nuna mai laifi. Wurare uku ake aunawa, a lokaci guda ko kusa da juna, injin yana cikin aiki: bakin shigowa wajen mita, babban fanel, da kan tashoshin moto. A kowane wuri ɗauki shida: fes da fes sau uku, fes da nutiral sau uku. In 382 ɗin tana nan tun daga bakin shigowa, daga waje ta zo. In a bakin shigowa sun yi kusa amma a moto sun rabu, akwai haɗin da ya saki a tsakani.

Neman sakakken haɗi ba wuya. Sa mita a kan ƙaramin boltej, ka ɗora tsinke ɗaya a shigar bureka ɗaya a fitarta, fes guda, lodi yana kai. Haɗi mai kyau 'yan milibolt zai nuna. Kwatanta fes ukun; wanda ya ninka 'yan'uwansa shi ne. Haka za a bi fiyus, canji-oba da kontakta. In akwai kyamarar zafi ko ma ɗan bindigar awon zafi, bambancin digiri 15 tsakanin haɗi biyu iri ɗaya masu lodi ɗaya abin gyara ne yau, ba gobe ba. Ka fi sa ido inda alminiyam ya haɗu da tagulla. Ƙarafan biyu ba sa zaman lafiya: alminiyam yana yin farar tsatsa, yana kuma saki bayan zafi da sanyi. Log, wato kan waya, mai ƙarfe biyu ake sawa a nan, a matse shi da abin matsewa na gaskiya, ba guduma ba.

Amma yadda ka ce da safe lafiya, da yamma ta lalace, hankalina ya fi tafiya ga taransifomar. 300kVA a bolt 415 tana ɗaukar kamar amfiya 417 a kowane fes. A unguwa kowa fes ɗaya yake ja, kuma in wani fes ya yi rauni ko fiyus ɗinsa ya tsinke, mutane sukan koma wanda ke da wuta, ba sa dawowa. Sai ka tarar fes guda yana ɗauke da rabin unguwa, wani yana hutawa. Da magariba ta gabato, aka kunna fanka da firiji da abin dafa ruwa, mai nauyin sai ya durƙushe. Maganin wannan raba lodi ne a fida-fila (akwatin rarraba wuta na gindin taransifoma) da kan sanduna, kuma aikin ma'aikatan kamfanin raba wuta ne. Kada ka tura yaronka can.

Ka kuma gwada nutiral, ko da yake moto bai damu da shi ba. Ƙwayaye da kwamfuta da kwayil ɗin kontakta mai 230 su ne ke shan wahalarsa. Sa mita tsakanin fes da nutiral, ka kunna abu mai nauyi kamar hita a fes guda. In wannan fes ya sauka sosai, wani kuma ya hau a lokaci guda, nutiral ya saki ko ya tsinke a wani wuri. In ya tsinke gaba ɗaya, fes mai ƙaramin lodi yana iya hawa ya doshi 400, ya kwashe kayan gida. Tsakanin nutiral da wayar ƙasa bolt 2 zuwa 3 ba komai ba ne. In ka ga goma da wani abu, a bi sawu.

Za a ce maka a ɗaga taf, wato makunnin ƙara ko rage boltej a jikin taransifoma. Irin wannan taransifomar yawanci tana da matsayi 5, kowanne kashi 2.5, kuma sai an kashe ta ake murɗawa. Ɗaga taf yana ɗaga fes uku ne tare. Mai 382 zai ɗan farfaɗo, mai 411 kuma ya wuce gona da iri da tsakar dare lokacin da lodi ya sauka. Tazarar tana nan yadda take.

Kuma don Allah mitar da za a sa a bakin shigowa ta kasance mai matakin tsaro CAT IV 600V, da wayoyinta na asali da fiyus ɗinta na asali, da safar hannu ta bolt 1000. In akwai CT (ƙaramar taransifomar awon karan) a fanel, ba a buɗe wayoyinsa na fita lodi yana kai. A haɗe su da juna tukuna.

Injiniya Mai Loga:

Ina tare da Baba a kan taransifoma, amma ban yarda a tsaya a mitar hannu ba, Alhaji. Mita tana ba ka hoton daƙiƙar da ka tsaya ne, abin da ke kashe kaya kuwa sau da yawa yana faruwa ba kowa a wurin. Kumburin kafasita da yankewar VFD ba za su fito a awon ƙarfe 5 ba. Ka yi hayar loga, wato na'urar da ke auna wuta tana adana bayanan, mai fes uku, irin Fluke 1736 ko 435 ko makamancinsu, a bar ta mako guda cif, domin a kama ranakun aiki da Juma'a da Lahadi. In kana tunanin kai ƙara, nemi wadda ta cika aji A na ma'aunin duniya IEC 61000-4-30, ita ce ba a musun sakamakonta. Tana auna kowane zagaye 10 na wuta, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a 50Hz, sannan ta tara su a matsakaicin minti 10.

Yawancin bayanan da ake zubarwa a wurin ɗaurawa suke lalacewa. Zaɓi haɗin fes uku da waya huɗu, boltej 230/400, 50Hz, ka gyara agogonta. Kowane kilam na karan ya zauna a fes ɗin da tsinken boltej ɗinsa yake, kibiyarsa tana kallon lodi. Sa na huɗu a nutiral. Kafin ka rufe fanel duba allon: in fes guda ya nuna kilowat da alamar ragi, kilam ya juya, in fawa-fakta ta fito wata iri kamar 0.3 a fes biyu, an musanya su. A ba wa mai kula da injin littafi ya riƙa rubuta lokacin tayarwa, lokacin da VFD ya yanke da lambar da ya nuna, da lokacin komawa janareta. In babu wannan littafin, zanen da zai fito ba ya magana.

Ma'aunin da aka fi kwatantawa da shi EN 50160 ne. Na Turai ne, amma wutarsu 230 da 50Hz ce kamar tamu. Ya ce kashi 95 na matsakaitan minti 10 a mako su kasance cikin kashi 10 sama ko ƙasa da 230, wato 207 zuwa 253. Rashin daidaito kada ya wuce kashi 2. THD na boltej, wato jimillar karkacewar igiyar wuta, kada ya wuce kashi 8. Lumshewar wuta, Plt, kada ta wuce 1. Lura, loga tana lissafa rashin daidaito da wata hanya dabam da ta Injiniya, don haka lambarta za ta ɗan bambanta, ba kuskure ba ne.

Ga yadda ake karanta faɗuwar boltej, wato duk saukar da ta yi ƙasa da kashi 90 na ɗan lokaci. Duba karan a daidai wannan lokacin. In karan ya yi tsalle sama sannan boltej ya faɗi, kai ka jawo, tayar da moto ne. In boltej ya faɗi karanka bai hau ba ko ma ya sauka, daga waje ne. Wannan kaɗai yana raba gardama. Kuma ka tuna ƙarfin juyin moto yana bin boltej ne da aka ninka da kansa: saukar kashi 10 tana cin kashi 19. Kontakta an yi shi ya kama daga kashi 85 zuwa sama, ƙasa da haka sai ya fara kakkarwa yana cin bakinsa, daga nan fes ɗaya ya daina wucewa.

Kafasita kuma ina zargin harmonik, wato ƙananan igiyoyin wuta masu saurin da ya ninka 50Hz. VFD na yau da kullum yana fitar da na 5 da na 7, wato 250Hz da 350Hz, da na 11 da na 13. Kafasita da taransifoma suna da wurin da suke amsa wa juna kamar ganga. In impidans ɗin taransifomar, wato turjiyarta ta ciki, kashi 4 ne, raba 300 da 0.04 ka samu 7500, raba da 60 ka samu 125, tushensa, wato lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 125, 11.2 ne. Ya zauna a kan na 11 daram. Ƙiyasi ne, tunda kebul mai tsawo yana saukar da lambar, amma ya isa a bincika. Gwajin: dubi THD da kafasita a kunne, kashe su, sake dubawa. In ya sauka, ka kama shi. Auna karan ɗin kafasitan ma. 60kVAr a bolt 400 kamar amfiya 87 ne, in ya wuce wannan da kashi 30 ya fita daga abin da aka gina shi a kai. Mitar ta zama mai True RMS, wadda ke karanta daidai ko igiyar wuta ta karkace, domin mai araha tana iya rage karatu da kashi 30 ko fiye in igiyar wutar ta karkace. Magani shi ne akwati mai riyakta (kwayil ɗin da ke danne harmonik) ta kashi 7, wadda ke mayar da wurin amsawar 189Hz, ƙasa da na 5, da kafasita masu jure 440 ko sama, sai riyakta ta kashi 3 a gaban VFD.

Wani abu kuma: 60kVAr ya yi wa moto 30kW yawa ƙwarai in a manne yake ba mai matakai ba. Irin wannan moton abin da yake buƙata bai fi 10 zuwa 12 ba. In an kashe injin an bar kafasita a layi, su ma suna tura boltej sama da dare.

Mai Casar Shinkafa:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. An duba rilen, a kan 55 yake, kuma a cikin delta aka ɗaura shi. Akwatin kafasitan ma ba mai matakai ba ne. Tambaya ta ƙarshe: in na sayi babbar sitabilaiza mai fes uku, ba ta kashe maganar ba?

Injiniya Mai Kilam-mita:

Mayar da rilen 32 yau, ka cire kafasitan har a gama awo. Zai riƙa yankewa da yamma. Wannan aikinsa ne, rage shinkafar da ake zuba wa injin, kada a taɓa saitin.

Sitabilaiza iri biyu ce. Mai sabo (servo, ƙaramin moton da ke daidaita boltej) ɗaya da ke juya fes uku tare ba ta gyara rashin daidaito, ɗaga su take yi gaba ɗaya kamar taf. Mai sabo uku, kowane fes da nasa, ita ce ke daidaitawa, kuma tana buƙatar nutiral mai kyau. Ko ita ba ta da saurin kama faɗuwar da ba ta kai daƙiƙa ba, ba ta cire harmonik, ba ta ƙirƙiro fes ɗin da ya ɗauke. Kuma in boltej ya sauka, ƙarin karan take ja daga layi don ta cike giɓin, kebul ɗinka na 25mm² ya ƙara zafi. Moto 30kW yana cin kamar 38kVA, don haka da tayarwa da sauran kaya ba za ka nemi ƙasa da 60kVA ba. Kada a saya sai sakamakon loga ya nuna mafi ƙanƙantar boltej da za ta tarar.

Abin da za ka saya yanzu ƙarami ne: rilen tsaron fes, a haɗa bakinsa a jere da kwayil ɗin kontakta. Saita ƙasa a 360, sama a 440, jinkiri daƙiƙa 3 zuwa 5 don kada tayarwa ta riƙa yanke shi. Wajen rashin daidaito karanta takardarsa, domin kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Abin nufi ya yanke kafin a kai kashi 5 na lissafin da muka yi a sama.

In loga ta nuna daga waje ne, rubuta takarda zuwa sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin raba wuta, ka haɗa da zanen mako gudan, ka karɓi shaidar sun karɓa. In ba a yi komai ba sai ofishin sauraren ƙorafi na hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ko hukumar jiha a inda jiha ta karɓi ragamar bayan dokar wutar lantarki ta 2023. Ka nemi abu takamaimai: a auna lodin kowane fes a fida-fila tsakanin ƙarfe 5 na yamma da 9 na dare, a raba shi, a duba haɗin nutiral da wayar ƙasa ta taransifomar.